Katin Mutum Shida, Gidan Mutum Bakwai

Uwargida ce ta fara gani, wajen yi wa Auta wanka. Wani ɗan kumburi ne a matsematsinsa na dama, bai fi ƙwan tattabara ba. In ya yi tari ko kuka sai ya tokaro, in ya kwanta sai ya ɓace. Ta kira ni na duba. Na danna a hankali da yatsa biyu, abin ya shige ciki da wata 'yar ƙara kamar ruwa a gora. Shi kuwa yaron ko a jikinsa, dariya ma yake wai cakulkuli nake masa. Shekararsa shida a lokacin, ƙarshen 2023 ke nan, sanyi ya fara kankama.

Hajiyarmu tana jin bayani ta ce ƙaba ce, ai gado ya yi, marigayi babanmu ma ya yi fama da ita. Ta kawo shawarar wani mai magani a unguwarsu. Na ce to Hajiya, bari dai a fara gwada asibiti tunda muna da kati.

Ni ƙaramin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a wani ofishi a nan Kano, kuma ina da katin inshorar lafiya tun ana ce wa hukumar NHIS, kafin ta koma NHIA. Da wannan katin aka karɓi haihuwar yarana uku, da shi nake karɓar maganin hawan jini. Saboda haka da ƙarfin gwiwa na riƙe hannun Auta muka nufi tagar masu inshora a asibitin da muke zuwa. Matar da ke wurin ta buɗe rajista a kwamfuta, ta bi da yatsa: sunana, na uwargida, na yara huɗu. Ta ɗago ta kalli yaron.

"Malam, wannan fa ba ya ciki."

Na sani. Abin kunyar ke nan, na daɗe da sani. Tsarin ma'aikata mutum shida yake ɗauka: ma'aikacin, da mata ɗaya ko miji ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Lokacin da na yi rajistar ƙarshe ba a haifi Auta ba, da aka haife shi kuma gurbi ya cika. Wanda ya zauna ya yanke wannan adadi ban ce ya taɓa leƙa gidajenmu ba. Akwai abokin aikina mai mata uku da 'ya'ya goma sha huɗu, shi da yake zaɓen huɗun da zai sa sai da aka yi zaman sulhu a gidansa, don kowace ɗaka tana son a sa nata. Ni mace ɗaya ce da yara biyar, mutum ɗaya tak ya yi rara, kuma shi ne ciwon ya zaɓa.

Tun da gaskiya na zo faɗi, sau biyu a baya na kawo shi da zazzaɓi da sunan yayansa, aka ba mu magani muka tafi. Mutane da yawa suna yi. Na ɗan sassauta murya na tuna mata da wannan hanya. Ta girgiza kai.

"Zazzaɓi daban, tiyata daban. Fayil ɗin yayansa da rukunin jinin yayansa da nauyin yayansa a ciki. In aka auna masa allurar barci da nauyin wani, wa za ka kama?"

Ban sami abin cewa ba. Na koma ɗaya tagar, na yanki kati da kuɗina kamar kowa, muka ga likita. Ya tabbatar ƙabar ce, ya ce hanji ne ke zurarowa ta wata ƙofa da ya kamata ta rufe tun yaron yana jariri, kuma babu maganin sha ko na shafawa da zai rufe ta, sai aiki. Ba na gaggawa ba ne, amma kada a yi sakaci. Ya ƙirga min alamomi a yatsunsa: in kumburin ya fito ya ƙi komawa, in ya yi tauri yana ciwo, in yaron ya fara amai, to ko ƙarfe biyun dare ne a kawo shi, don hanjin ne ya maƙale. Da na tambayi kuɗin aikin in da aljihuna zan biya, abin da ya faɗa ya kusa albashina na wata biyu.

A ofishinmu akwai wani dattijo da ke riƙe da sha'anin inshorar ma'aikata, Malam muke ce masa kawai. Yana nan tun 2005 da aka ƙaddamar da shirin a zamanin Obasanjo, bayan dokar ta yi shekara shida a ajiye, don tun 1999 aka yi ta. Shi ya raba fom na farko a ofishin, kuma har gobe yana ba da labarin yadda mutane suka riƙa gudunsa, wasu na cewa dabarar yanke albashi ce, wasu na cewa haramun ne. Na zayyana masa komai. Ya ce hanya biyu ce. Ko in biya kuɗin ƙarin mutum duk shekara, ko in duba cikin huɗun ko akwai wanda ya cika 18. Sai a sannan na tuna babbar 'yarmu ta cika tun da damina.

"To ai ita ta riga ta fita," in ji shi. "Ko ka sani ko ba ka sani ba, doka ta fitar da ita. Gurbinta na nan a banza kana ta kai yaro da sunan wani."

Takardun da aka nema ba su da yawa a baki: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ba wadda asibiti ke bayarwa ranar sallama ba, da lambar NIN ta yaron, da hotuna, da katina na aiki. Ta haihuwar muna da ita, uwargida ta ciro ta daga ƙasan akwati a cikin leda tare da takardun sadaki. Lambar ɗan ƙasa ce ta ja mana kwana. Yaron da ya cika mana fom a shagon kwamfuta lokacin da muka yi wa yaran rajista ya rubuta sunana da irin rubutun da ya ga dama, harafi biyu sun bambanta da na takardar haihuwa. A baki suna ɗaya ne, kowa a Kano ya san suna ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa ni ne ni, kuma ɗana ɗana ne. Akawun da ya buga min hatimi ko kallona bai yi ba. A gabana mutum tara ne a layi, kuma da muka taɓa hira, bakwai cikinsu matsalarsu ke nan.

A ofishin hukumar inshorar kuwa abin bai ɗauki sa'a biyu ba. Aka cire sunan babba, aka sa na ƙarami, aka ɗauki hotonsa yana ta washe baki da giɓinsa. Na yi tsammanin daga nan asibiti za mu wuce. Jami'in ya ce a'a, sai sunan ya fito a rajistar da ake aika wa asibitoci, kuma hakan yana ɗaukar makonni.

Na koma wurin Malam da fushi, ina cewa mutum yana da haƙƙi an tabbatar masa amma an ce ya jira. Ya ɗauko wata tsohuwar ambulan ya juya bayanta, ya zana da'ira uku. Wannan zanen shi ya buɗe min ido a kan duk abin da ya biyo baya, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa.

Da'ira ta farko hukuma ce, a nan kuɗin ke taruwa. Ta biyu kamfanin da ke tsakani, wanda kowa ke kira HMO, kowace ma'aikata da nata. Ta uku asibiti. Asibitin da ka zaɓa tun farko, inda katinka yake, ba a biyansa a kan zuwanka. Kuɗin kai ake ba shi: duk wata, a kan kowane suna da ke rajistarsa, Naira 750 a lokacin, ko ka je ko ba ka je ba. Da wannan zai duba ka, ya yi maka gwajin maleriya, ya ba ka magani. Malam ya ce tun wajen 2012 adadin yake haka bai motsa ba. Na yi lissafi a zuci, a ƙarshen 2023 Naira 750 ba ta sayen kwalbar maganin tari mai kirki. Dabarar ita ce a cikin mutum ɗari ba duka ne za su yi ciwo a wata ɗaya ba, kuɗin masu lafiya ya ɗauki marasa lafiya, irin adashe. Amma hakan na nufin sunan da bai shiga rajista ba ko sisi bai kawo wa asibitin ba, to don me zai karɓe shi? Kuma yana nufin duk ranar da ka zauna a gida asibitin ya ci riba, duk ranar da ka zo ya yi asara. Daga nan na daina mamakin yadda fuskar wasu ma'aikata ke canzawa in ka ce mai inshora ne kai.

Aikin da ya fi ƙarfin wannan mataki, irin tiyata da ganin ƙwararren likita da manyan gwaje-gwaje, shi kuma biyansa daban. A kan kowane aiki ake biya, bisa farashin da aka tsara, kuma daga hannun kamfanin da ke tsakani kuɗin ke fita. Saboda haka shi ke riƙe da ƙofa. Ba a taɓa ka sai ya ba da lambar amincewa, wadda a asibiti ba ka jin kowa ya kira ta da wani suna sai kod. Malam ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar ya ce, "Nan za ka sha wuya. Ka tanadi katin waya."

Muna cikin wannan jira ne abin da likita ya gargaɗe ni ya faru. Wani dare cikin watan Janairu, tsakar hunturu, Auta ya tashi da kuka. Kumburin ya fito ya yi tauri, na danna ya ƙi shiga, ya fasa ihu. Can sai amai. Na buga wa maƙwabcina mai adaidaita sahu ƙofa, ya fito da bargo a kafaɗa bai tambayi komai ba. Uwargida ta rungume yaron a baya tana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. A sashen gaggawa, in faɗi gaskiya, ba su tsaya tambayar kati ba sai da suka kwantar da shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti korar wanda ya zo cikin halin gaggawa, kuma a daren nan na ga an bi ta. Amma dokar ba ta sayen safar hannu. Aka miƙo min 'yar takarda: ruwan ƙari, allura, sirinji, safar hannu. Na ruga tagar magani na biya. Wani matashin likita ya yi masa allurar rage ciwo, ya ɗaga ƙafafun gadon, ya jira yaron ya saki jiki, sannan ya sa yatsu yana lallaba abin kamar mai mayar da ƙwai cikin kwando. Minti kusan goma ina kallon agogon bango. Sai na ji wannan ƙarar ta ruwa a gora. Likitan ya sauke numfashi ya ce, "Baban yaro, kun yi sa'a. Kada ku bari a yi ta biyu."

Sunan ya fito a tsakiyar Fabrairu. Matar tagar nan da kanta ta juyo min da fuskar kwamfutar in gani. Likitan asibitinmu ya cika takardar turawa zuwa asibitin da ke da likitan fiɗa na yara, aka aika wa kamfani buƙatar kod, aka ce in je gida za a kira ni.

Ba a kira ba. Kwana biyu na ba su, a na uku na fara kiran layin kamfanin. Kiɗa ake sa maka, wata murya tana ta maimaita cewa kiranka yana da muhimmanci, kuɗinka na tafiya. Da aka ɗauka aka ce ba su ga buƙatar ba. Na koma asibiti, suka nuna min a waya sun aika. Na sa suka sake aikawa ina tsaye. Washegari da azahar saƙo ya shigo, haruffa da lambobi guda goma sha ɗaya. Na kwafe su a takarda, na kwafe a bayan katin aikina, na tura wa uwargida ita ma ta ajiye, kamar wanda aka ba laƙani.

A asibiti na biyu akwai wani dogon benci a gaban ofishin masu inshora, kuma duk wanda ke kansa abu ɗaya yake jira. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa yana jiran na hoton ƙirji, wata mai tsohon ciki tana jiran na sikanin, wani ɗan sanda da ƙafa a naɗe. Babu mai tambayar wani me ke damunka, sai dai "naka ya fito?" Matar da ke ofishin wayoyi uku ne a gabanta, tana magana da ɗaya, tana danna ɗaya, ta uku tana ruri. Ta karɓi lambata ta duba.

"Wannan na ganin likita ne kawai."

Na ce ai tiyata aka turo mu.

"Eh, amma sai likita ya gan shi ya rubuta. Sai a nemi na gwaji. In sakamako ya fito a nemi na aiki."

Kod uku ke nan, kowanne da jiransa. Na farko ya kai mu gaban likitan fiɗa, wanda bai yi minti biyar ba ya ce aiki ne, ya rubuta gwajin yawan jini da na sikila. Na gwaji ya fito cikin kwana biyu, na yi murna. Na ukun ne ya tsaya cak. Kwana shida ina zuwa benci, ina karɓar izini a ofis har shugabana ya fara yi min wani irin kallo. Wata rana da mutane suka ragu na roƙi matar, na ce Hajiya, don Allah a yi aikin, lambar ta biyo baya, kin dai ga takardun gaggawar da muka yi. Ta ajiye wayoyin, ta jawo wani kabad ta nuna min fayil-fayil a ɗaure da roba. Ta ce duk waɗannan ayyuka ne da aka riga aka yi, da kod ɗinsu cif, kuma wata da watanni ke nan ba a biya ba. "Wanda muka yi da lamba ma muna bin bashi, ina ga wanda babu? Ranar da aka ƙi biya, daga albashina za a ce a cire." Ban ji daɗi ba, amma ban iya ganin laifinta ba. Ita ma a kan wani bencin take, nata dai ba a ganinsa.

Malam ne ya sake fitar da ni. Ya ce hukumar ba tara kuɗi kaɗai take yi ba, ita ke ba kamfanonin nan lasisi, ita ke sa musu ido, kuma dokar da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta ƙara mata ƙarfi a kan haka. Ya sa na rubuta takardar koke mai shafi ɗaya: lambar katina, ranar da aka nemi kod, ranar da muka kwana a sashen gaggawa, babu zagi babu dogon bayani. Na kai ofishin hukumar aka buga min hatimin karɓa a kan kwafina. Na ɗauki hoton kwafin na tura wa kamfanin ta WhatsApp da ƙarfe sha ɗaya na safe. Kafin la'asar kod ya shigo, har da kiran ban-haƙuri. Ko takardar ce ta yi aiki, ko dama ranar ce lokacinsa, oho. Na dai lura ban-haƙurin bai zo ba sai da aka ga hatimi. Daga baya, a 2025, hukumar ta kafa ƙa'idar cewa kamfani ya ba da lambar cikin sa'a ɗaya, ta kuma ɗaga kuɗin kai zuwa Naira 1,450. Da na ji sanarwar, mutanen bencin nan na tuna.

Aka sa mana rana, saura 'yan kwanaki a fara azumi. Aka ce kada ya ci komai tun dare. Wannan ya fi komai wahala, don Auta ba ya wasa da kokon safe, sai da uwargida ta ɓoye kofuna ta hana sauran yaran karyawa a gabansa. Na sa hannu a takardar amincewa. Suka sa masa wata koriyar riga da ta sauko masa har ƙasa, ya tafi yana riƙe da yatsan nas yana waiwayenmu. Abin da na yi wata huɗu ina bi, bai kai sa'a ɗaya ba aka gama shi. Aka turo shi yana barci, da 'yar filasta a matsematsi wadda ba ta fi tsawon yatsana ba.

Ko kwabo ban biya na aikin ba, ko na gado. A tagar magani ne aka karɓi kashi 10 cikin 100 na kuɗin magunguna, kamar yadda tsarin yake, 'yan ɗaruruwa ne kawai. Sai dai cikin magani uku da aka rubuta, biyu aka ba ni. Na ukun, mai maganin ya rubuta wasu haruffa biyu a gefensa ya ce babu, in saya a waje. Duk mai katin inshora ya san wannan "babu". Wani lokaci da gaske babu, wani lokaci kuma farashin da tsarin ya yarda ya biya ne bai kai abin da asibitin ya sayo ba. Lokacin kuwa magani ya yi tashin gwauron zabo: Naira ta faɗi tun tsakiyar 2023, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya, a nan Kano kuma makonni kaɗan ke nan da rufe shagunan 'yan magani na Sabon Gari aka ce su koma sabuwar kasuwar Dangwauro a hanyar Zariya. Kemis uku na shiga kafin na samu. Na juya kwalin na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, na biya. Kuɗin wannan kwalba ɗaya ya ninka abin da na biya a tagar asibiti sau da yawa.

A gadon da ke kusa da namu wani yaro ne sa'an Auta, shi ma ƙabar ce, amma tasa ta maƙale ta kwana biyu a gida kafin a kawo shi, sai da aka yanke wani sashe na hanjin. Babansa manomi ne daga wani ƙauye ta wajen Ɗambatta. Da dare muka shimfiɗa tabarma a baranda, ya kwance ƙullin ƙuli-ƙuli muka ci. Ya ce sun fara zuwa asibitin sha-ka-tafi na garinsu, babu likita, aka tura su babban asibitin yankin, can ma aka ce sai birni. Tsarin a takarda haka yake, hawa uku: ƙananan asibitoci na matakin farko da ke kusa da jama'a, sai manyan asibitocin jiha irin su Murtala da Nasarawa, sai na tarayya irin na Malam Aminu Kano da na ƙashi na Dala. Shi duk hawa ukun ya taka, kuma a kowanne ya bar kuɗin mota. Ya sayar da rago biyu da buhun gero uku, a watan da gero ke da tsada amma shi ne abincin gidan har damina. Yana ajiye rasit-rasit ɗinsa a cikin hula.

Ya tambaye ni nawa na kashe. Na ji nauyin faɗa. Da na yi masa bayanin katin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ku masu albashi ne ake ɗauke wa, mu marasa shi mu biya." Ban yi gardama ba, don haka abin yake. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, irin na cikin hularsa. A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya, mu masu masaukin baƙi kasafin tarayya bai taɓa kusantar haka ba.

Na gaya masa abin da na sani. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso na kuɗin ana bi da shi ta hukumomin jihohi don yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta a asibitin mazaɓarsu. A Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ce ke yi. Da ya ji na ambaci inshora tun farko ya ɗan ɓata fuska, ya ce malaminsu ya ce caca ce. Da na ce taimakekeniya sai ya gyaɗa kai, ya ce wannan ai gayya ce, sun san ta a gona. Ba a banza jihohinmu suka zaɓi wannan suna ba. Na rubuta masa sunan hukumar a bayan ɗaya daga rasit ɗinsa, na ce ya tambaya a asibitin mazaɓarsu ko wurin mai unguwa. Ya ninke ta ya mayar cikin hula. Washegari aka sallame mu, su kuma an ce sai sun ƙara mako.

Da na zauna na haɗa nawa lissafin, daren gaggawa da maganin waje da takardar kotu da kuɗin mota da katin waya, ya tasam ma kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka ce in biya tun farko. Kwanakin aikin da na rasa ban sa su ba. Malam ya ce in haɗa rasit ɗin maganin da na saya a waje in nemi a mayar min, na ce masa Malam, bencin ya ishe ni haka.

Kwana goma da sallah babbar 'yar ta kwanta da zazzaɓi. Na ɗauko makullin babur, har na sa hannu a aljihu zan ciro kati, sai na tuna. Ba ta sami gurbin karatu ba tukuna, balle ta shiga tsarin inshorar ɗalibai na manyan makarantu. Muka tafi kemis ɗin bakin titi, aka yi mata gwaji, maleriya ce, na biya lakadan. Da muka dawo ta tarar da Auta a tsakar gida yana ɗaga wa yaran maƙwabta riga yana nuna musu tabonsa. Ta dungure masa kai.

"Kai, ɓarawon gurbi. Tashi ka kawo min ruwa in sha magani."